Yadda Tarihi Ya Kori Gwaggo Daga Ɗakinta

Ranar da kamfaninmu ya gano yana buƙatar tarihi, ni aka ɗora wa kayan. Na ce kamfaninmu ne don bakina ya saba; na dangin mijina ne, ni aure ya kawo ni. Sandunan labule ake ƙerawa a ciki, da zobbansu, da sakatar taga da mariƙinta, kuma duk wanda ya taɓa jan labule a garin nan da wuya bai ja zobenmu ba. Aka ce kamfani zai cika shekara arba'in, za a yi biki, za a gayyato manyan masu saye a raba musu ɗan littafi mai sheƙi. Yayan mijina, wanda kowa ke ce wa Manaja har da matarsa, ya dube ni muna cin abinci ya ce tun da ni malamar makaranta ce, rubutu ba zai ba ni wuya ba.

Ban ma nemo biro ba ya riga ya gama tarihin a kansa. Marigayi Baba, shi kaɗai, da filaya ɗaya da hannu biyu, ya zauna a ɗakin bakin ƙofa yana lanƙwasa wayar ƙarfe har yatsunsa suka fashe. Ya ce in tabbata na sa jini a wajen yatsun, masu saye suna son jini. Ya ƙara da cewa ɗakin kansa za a gyara shi ya zama ɗakin tarihi, a ja igiya mai launin zinariya, baƙi su tsaya daga waje suna jinjina kai.

Matsalar ɗaya ce: akwai mutum a ɗakin. Gwaggo ce, yayar marigayi Baba, ta kusa tamanin, kuma tun kafin a haifi mijina take kwana a nan. Ɗaki ne mai babbar taga da ke kallon titi. Da safe rana takan sauka daidai gwiwoyinta, ita kuma ta ce wannan ya fi mata duk man zafin da muke sayo mata. Daga tagar take gaisawa da mai burodi, take yi wa masu babur faɗa, take sanin wa ya yi sabon takalmi a unguwa. Duk duniyarta ke nan, kuma ba ta taɓa roƙon kowa ƙari ba.

Manaja ya je ya durƙusa mata har ƙasa, abin da rabonsa da yi tun ranar ɗaurin aurensa. Ya ce ta ara musu ɗakin, sati biyu ne kacal. Ya ce dama hayaniyar titi ba ta dace da mai shekarunta ba, ƙura ma tana shigowa, kuma ai don darajar ƙaninta ake yi. Gwaggo ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi ko ƙurar bana ta fi ta shekara arba'in da suka wuce ne. Ya yi dariya ya ce Gwaggo ba ta rabo da barkwanci. Kafin azahar an fitar da gadonta.

Aka kai ta ɗakin da ke jikin kicin, inda hayaƙi ke shiga ya rasa hanyar fita. Kwana huɗu ta yi a nan sai kujerun haya suka iso, ɗari biyu, masu rigar leda, waɗanda ba a so rana ta taɓa. Aka duba aka duba, babu inda ya dace da su sai ɗakin da Gwaggo take. Ita kuma aka matsa da ita sito na bayan gida, aka ture kwalayen sakata gefe aka shimfiɗa mata katifa. Siton nan ba shi da taga. Gidan da ya ci ya ƙoshi da taga, ya aurar da 'ya'ya da taga, ya sayi motoci uku da taga, shi ne ya rasa guda ɗaya da zai ba tsohuwa.

Na yi wa mijina magana. Shi Injiniya ake ce masa, ba don ya yi karatun ba. Janareta ya taɓa gyarawa sau ɗaya sunan ya bi shi. Ya ce Yaya ya fi mu sanin kasuwa, kuma sito ma ai ya fi shiru. Matar Manaja ta ce ita da za a ba ta wuri mai shiru haka da ta gode. Na ce mata ga shi can, ta je su yi musanya. Ba ta sake gaishe ni ba sai bayan kwana uku.

A sito Gwaggo ta fara rikita lokaci. Sai ta yi sallar la'asar da hantsi, ta tambaye ni ko gari ya waye alhali na dawo daga makaranta. Ƙafafunta suka kumbura, tari ya kama ta saboda warin man da ake shafa wa ƙarfe. Amma bakinta bai kwanta ba. Ta ce mini ta ƙirga kwalayen da ke kanta, duk sakata ce, ko ɓarawo ya shigo sai dai ya tausaya mata ya bar mata fitila.

A can na same ta da littafina, na ce ta ba ni labarin yadda Baba ya fara. Ta dube ni ta gefen ido.

“Wanne kike so, Malama? Na Manaja ko wanda ya faru?”

Na ce wanda ya faru. Ta ce gajere ne. Mijinta ya rasu, ta dawo gida, ta ga labulen ɗakinta a rataye da igiya yana lotsawa a tsakiya kamar cikin tsohuwar akuya. Ta samo wayar ƙarfe ta naɗa zobba, ta zura su a guntun bututun ruwa, labule ya tafi sumul. Maƙwabta suka gani suka ce a yi musu. Ƙaninta kuwa Allah ya ba shi baki. Shi ke ɗaukar kaya a keke ya zaga gari, kuma zai iya sayar wa mai ɗakin da babu taga sandar labule. Shekara shida tana naɗawa yana sayarwa, kafin a sayi inji. Ta ce ba ta rage masa komai ba, ba don bakinsa ba da zobban sun yi tsatsa a ƙarƙashin gado. Amma hannunsa ko maɓallin riga bai iya ɗaurawa ba.

Na rubuta shi yadda ta faɗa, shafi ɗaya da rabi, na kai wa Manaja. Ya karanta yana taɓe baki, ya ɗauki jan biro ya ja layi tun daga sama har ƙasa, irin wanda ko ni ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Ya ce ba wai ƙarya ta yi ba, kowa ya san Gwaggo ta ɗan taimaka. Amma kamfani da sunan Baba aka san shi, hotonsa ne a kwali, in aka ce yanzu wata ce ta fara sai mutane su rikice, kuma mutumin da ya rikice ba ya sayen sakata. Ya ce in sa ta a shafin godiya. Na duba shafin godiyar, sai na tarar za ta zo ne tsakanin direba da mai kawo mana gas.

Sai aka shiga neman kayan tarihi. Sandar farko ta daɗe da ɓacewa, don haka Injiniya ya ɗauko sabuwa daga masana'anta, ya goge ta da yashi, ya jiƙa ta a ruwan gishiri kwana biyar a bayan sito don ta yi tsatsa. Gwaggo na jin ƙarar bokitin ta ce mini in gaya masa ya ƙara kwana biyu, tasu ta fi haka wahala. Abu ɗaya ne na gaskiya suka samu, shi ma a cikin kayanta da aka kwashe: wani gungumen katako baƙi ƙirin, mai turken ƙarfe a tsakiya da lanƙwasasshiyar ƙusa a gefe. A kansa ake naɗa zobe. A maƙala bakin waya a ƙusar, a zagaya turken da ita, a datse. Manaja ya rungume shi kamar jariri, ya sa aka buga masa allo: “Gungumen da Baba ya fara aiki a kansa.” Ba wanda ya tambayi mai shi.

Sati biyu ya zama biyar kafin ranar ta zo. Aka yi wa Gwaggo sabon ɗinki, aka fito da ita tana ƙifta ido kamar wadda aka tono, aka zaunar da ita a kujera a ƙofar ɗakinta, ta wajen igiya. Matar Manaja ta raɗa mata cewa murmushi kawai ake buƙata. Baƙi suka cika tsakar gida. A gaba akwai mai otal, wanda otal-otal ɗinsa huɗu duk sandunanmu ne a ciki, dattijo mai son tambaya, irin wanda in ka ba shi shayi sai ya ji a ina aka sayi kofin.

Manaja ya yi jawabi, ya kai wajen jinin yatsu har muryarsa ta yi rawa. Da a nan ya tsaya da an tashi lafiya. Amma tafi ya yi masa daɗi, sai ya ce bari ya nuna wa jama'a yadda Baba yake naɗa zobe, don shi a gabansa ya tashi yana gani. Ya tsallaka igiya, ya naɗe hannun riga, ya maƙala waya a ƙusa, ya kama da dama ya zagayo. Wayar ta zame ta yi tsalle ta dake shi a leɓe. Aka yi 'yar dariyar ladabi. Ya sake, ta sake zamewa. A karo na uku ya sa ƙarfi, wayar ta tashi sama ta sauke hular mai otal ƙasa.

Mai otal bai ji haushi ba, tambaya ya samu. Ya ɗauki hularsa, ya matso ya leƙa gungumen, ya shafa wani gurbi da ya lotsa a jikin katakon, wanda babban yatsa ya ci shekara da shekaru yana dannawa. Ya sa nasa yatsan, ya juya hannu, ya sake gwadawa. Sai ya tambayi Manaja ko marigayin bahago ne, don shi ya sha cin abinci da shi bai lura ba. Manaja ya shafa leɓensa da ya riga ya fara kumbura.

“Ba bahago ba ne,” in ji Gwaggo daga kujerarta. “Ɗaga mini igiyar nan, ɗan nan, kafin ka cire wa wani ido.”

Ba wanda ya ɗaga, sai mai otal da kansa. Ta shiga ɗakinta tana dafa bango, ta zauna, ta jawo gungumen gabanta. Babban yatsanta na dama ya faɗa gurbin nan kamar an auna, hagunta ta kama waya ta zagaya ta ɗaya ɓangaren, inda ƙusar ke riƙewa maimakon ta saki. Ƙyat, zobe ya faɗo. Ƙyat, wani. Ba ta ko kallon hannun. Tagarta take kallo. Kafin Manaja ya gama goge baki ta tara goma sha biyu, duk girmansu ɗaya. Ta ce wa mai otal in ya koma ya duba zobban labulensa, duk ta hagu suka naɗu, don da za a yi injin nata zoben aka kai wa maƙerin ya kwaikwaya, kuma har yau ba wanda ya tambayi dalili.

Ni kuwa tun zobe na biyu na ciro wayata na fara ɗauka. Na matsa kusa sosai, na cika hoton da hannuwanta da gungumen, don kada gobe wani ya ce ba a yi ba. Zuciyata fes. Na ce yau gaskiya ta samu shaida, kuma ni ce na riƙe mata fitila.

Wanda bai san Manaja ba zai ɗauka kunya za ta kwantar da shi. Kafin baƙi su watse ya riga ya dafa kafaɗar Gwaggo yana cewa dama wannan ne abin mamakin da ya shirya musu. Washegari aka mayar mata da gadonta, aka ɗaura sabon labule, aka ce ɗaki nata ne har abada. Sharaɗi ɗaya ne, shi ma ba a kira shi sharaɗi ba, alfarma aka ce: in baƙi sun zo ta ɗan naɗa musu. Allon bai canza ba. Manaja ya ce mai rubutun allo ya yi tafiya.

Sati uku Gwaggo ta yi a ɗakinta, kuma ban taɓa ganin ta cikin nishaɗi irin na lokacin ba. Kumburin ƙafa ya sauka. Mai burodi ya ce ya ɗauka ta rasu ne ba a gaya masa ba, ta ce masa an dai gwada. Baƙi suna zuwa, 'yan kasuwa da ɗaliban koyon sana'a, tana naɗa musu zobe tana haɗa musu da labari. A nan ne aka fara samun matsala, don Gwaggo ba ta iya naɗi shiru ba. Ta gaya wa wasu cewa sandar da ke bango ba ta kai wata biyu a duniya ba. Ta gaya wa wasu ranar da Baba ya faɗa kwata da keke da kaya. Wata rana baƙi suka zo tana barci, wata rana suka tarar ta shanya zaninta a kan igiyar zinariya. Ga yatsun ma sun fara ciwo. Abin da aka bari shekara talatin ba ya dawowa kyauta.

Ana haka Manaja ya aiko a tura masa hoton bidiyon da na ɗauka, wai zai ajiye don tarihi. Har da murnata na tura. Na ma gaya wa Injiniya cewa ka ga Yaya ya fara saukowa.

Ranar Litinin na dawo daga makaranta na tarar an kafa ƙaton talabijin a bangon ɗakin. Hannuwan Gwaggo ne a ciki, manya-manya, suna naɗa zobe suna sakewa, in sun kai ƙarshe su koma farko. Ba fuska, don ni da kaina ban ɗauki fuskar ba. Ba murya, an cire an sa kiɗa mai taushi. A ƙasa an rubuta: “Yadda aka fara.” Gadon babu shi. An rufe tagar an ja labule saboda haske yana kashe hoton, an kuma sa na'urar sanyaya ɗaki saboda mai talabijin ya ce zafi yana lalata shi.

Manaja ya ce tausayi ne ya sa. Ya ce ba zai iya kallon tsohuwa tana wahalar da yatsunta saboda baƙi ba, shi ba marar imani ba ne. Ya ce sanyin na'urar ma zai tayar mata da tari, kuma ɗakin tarihi ba wurin jinya ba ne. Matarsa ta ce ai an ƙara mata fanka a sito. Injiniya ya ce na cika ɗaukar abu da zafi, Gwaggon ma ba ta ce komai ba. Gaskiyarsa, ba ta ce ba. Ba wanda ya tsaya a wurin da zai ji.

Na yi faɗa, na yi kuka, na yi yajin magana na kwana biyu, duk ya tafi a banza. Na ce a kawo ta ɗakinmu, Gwaggo ta ce ita ba za ta kwana tsakanin mata da miji ba, kuma ba ɗaki take nema ba, ɗakinta take nema. Littafin kuwa tun ranar biki ya fito da sheƙinsa, sunana a bango a matsayin marubuciya, jinin yatsun Baba a shafi na uku. Ina jin kunyar littafin nan fiye da duk abin da na taɓa yi, amma bidiyon ya fi ci mini rai, don shi ba wanda ya sa ni. A gidan nan ba a taɓa zagin Gwaggo ba, ba a taɓa hana ta abinci ba, kowa yana durƙusa mata. An dai duba an ga wane ɓangare nata ne ke da amfani, aka ɗauka, aka mayar da sauran bayan gida.

Jiya da rana na kai mata ruwan zafi. Na tarar ta yi shimfiɗar sallar magariba, na ce mata ko la'asar ba a kira ba. Ta naɗe dardumar. Hannuwanta suna kan cinyarta, sun kumbura, hagun ba ya rufuwa. Ta tambaye ni ko baƙi sun zo yau, na ce mota biyu. Ta tambaya ko sun yaba, na ce sun yaba ƙwarai.

“To madalla,” ta ce. “In kin bi ta ƙofar ɗakina, Malama, ki gaida mini da hannuwana. Su dai sun samu ɗaki.”

Na ce to. Na fito na bi ta bayan gida, na zagaya ta ƙofar masana'anta.